BIBIK BA TA YI SALLAMA BA

Shafi na 31

Masu zagin Haslinda a akwatin saƙona, duk na gani, har da ke da kika ce in ba ki lambarta ki ji da ita. Ku sassauta. Ni ma ban ce ta kyauta ba. Amma wadda ba ta taɓa miƙa wa ɗanta hannu ya kauce mata a gaban mutane ba, ta riƙa tauna magana kafin ta furzar. Bismillah.

* * *

Damia ba ta yi gardama ba da aka ɗaura mata abin hannu na roba mai lambar ɗakinsu. Ta miƙa hannun kawai, idonta na kan ƙofa.

"Sunanta Damia, shekararta huɗu," in ji Haslinda, da sauri, kamar mai gudun a yi mata wata tambaya.

Mai kula da ɗakin renon yara na otal ɗin, wata 'yar Tamil mai yawan fara'a da ake kira Punitha, ta durƙusa daidai tsawon yarinyar.

"Ai na san wannan gimbiyar. Jiya na gan ta a wurin iyo a wuyan Bibik ɗinta. Yau ina Bibik, 'yan mata?"

"Ta je sayo wa Tok magani," Damia ta ce. "Yanzu za ta dawo."

Haslinda ta kawar da kai.

Ƙarya ce, kuma ita ta ƙera ta da hannunta.

Bibik, sunan da yara ke kiran mai aikin gida da shi a can, wato Sahnim, 'yar tsibirin Lombok da ke yi musu aiki tun watan da aka haifi Damia, tana cikin mota a lokacin tare da Rizuan, mijin Haslinda, wanda take kira Abang. An ce mata kemis za su je sayo wa kakar yarinyar magani. Ba kemis za su ba. Akwatinta na bayan mota tun kafin su baro Kuala Lumpur, fasfonta da tikitinta suna aljihun Rizuan. Tashar jirgin ruwa mai zuwa Batam zai kai ta, daga can ta kama hanyar garinsu.

Dabarar Kak Rozita ce ta ofis ɗinsu.

"Kada ki yi a gida, Linda. A gida kowane lungu ƙamshin matar yake yi. Ki kwashe su zuwa Johor, wurin wasan nan na bakin teku, ki kama otal mai ɗakin reno. A ajiye yarinya cikin kayan wasa, a fitar da mata ta baya. Kuma kada ki tsaya a gabanta lokacin da za ta fara tambaya, bari baƙi su sha wannan zafin. Da rana sai ki bayyana da balan-balan, ki hau lilo da ita. Kafin ku koma gida ta manta. Sau biyu ina yi, yarana ko sunayensu ba sa tunawa."

Kak Rozita irin matan nan ce masu maganin kowace cuta a baki, amma ba za ka taɓa ganinsu a wurin jinya ba.

Haslinda ta ɗauki shawarar ne don ranta ya riga ya ƙuna. Ranar ƙaramar Salla, gidan mahaifiyarta cike da dangi, Damia ta faɗo daga matakala ta fasa leɓe. Haslinda ce mafi kusa. Ta durƙusa ta buɗe hannu biyu. Yarinyar ta bi ta ƙarƙashin hannun da gudu, jini na zuba, ta shige kicin ta cusa fuska a zanin Sahnim. Wata gwaggo ta ce, "Linda, anya ke kika haife ta?" Kowa ya yi dariya. Ita ma ta yi. Tun ranar ba ta sake cin abinci ya yi mata daɗi ba.

'Yarta take so ta so ta, shi ke nan abin da take nema a duniya.

"Akwai abin da ba ta ci, Puan?" Punitha ta tambaya, tana kiranta yadda ake kiran uwargida a can.

"Madarar shanu. Ko ɗigo. Tun tana jaririya."

"In ta yi kuka fa, me ke lallashinta?"

Haslinda ba ta sani ba.

"Ba ta da yawan kuka."

"To madalla. In ta ƙi sakewa da yara za mu kira ki. Muna kuma da masu reno da muke turawa ɗaki, ko wadda za ta zaga da ita filin wasa, in kin fi son haka."

"Nan ɗin ya isa."

Ta sunkuya ta sumbaci goshin Damia. Yarinyar ba ta kauce ba, ba ta kuma ɗago ba.

* * *

Ma'aikata biyu na naɗe ƙaramin gadon da aka ƙara wa Sahnim a ɗaki, Haslinda na tsaye tana nuna musu hanya, sai ƙofar da ta haɗa ɗakunan biyu ta buɗe.

Hajah Zaiton ce, mahaifiyarta, carbi a hannu, tana jan ƙafar da ke damunta.

"Ina za a kai gadon yarinyar nan?"

"Mak, ba kin ce za ki kwanta ba?"

"Tambayarki na yi."

"Ya cika wuri ne."

Tsohuwar ta bi ɗakin da kallo. Hijabin sallar Sahnim da ke rataye a bayan kujera babu shi. Silifas ɗinta na bakin banɗaki babu su. Ta jira ma'aikatan suka fita, ta tura ƙofa da sandarta.

"Ina Sahnim?"

"Ta raka Abang sayo miki magani."

"Wane maganin? Nawa na cikin jaka, ko rabi ban sha ba."

Ta taga ana jiyo ihun masu hawa lilo, ya tashi ya faɗi, ya sake tashi.

"Linda. Ni na haife ki. In za ki yi ƙarya kunnenki ja yake yi tun kina firamare."

"Na sallame ta."

"Kin yi me?"

"Na sallame ta, Mak! Na biya ta haƙƙinta har da ƙari, yana cikin akwatinta. Ban zalunce ta ba. Mai aiki ce, aikinta ya ƙare."

"Ta sani?"

"Za ta sani in sun isa tasha."

"Damia fa?"

"Tana ƙasa, tana wasa."

Hajah Zaiton ta lalubi bakin gado ta zauna. Carbin ya zame daga hannunta, ba ta ɗauka ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kira mijinki."

"Ba zan kira ba."

"Ki kira shi ya juyo da motar nan yanzu!"

"Kullum kina bayanta! Kowa a gidan nan yana bayanta! Ni fa, Mak? Ni wa ke bayana?"

Tsohuwar ta buɗe baki za ta yi magana, wayar ɗakin ta ɗauki ƙara.

"Puan, Punitha ce daga ɗakin reno. Ba ta ji ciwo ba, kada ki tsorata. Amma ki sauko."

* * *

An janye sauran yaran gefe guda ana yi musu zane a fuska. A tsakiyar ɗakin akwai wani dogon bututun roba mai launin ruwan ƙwai da yara ke rarrafawa ta ciki. A bakinsa wani ma'aikaci mai rigar damisa ta wasa da yara ya tsuguna yana kaɗa wutsiya, da ya ga iyaye sun iso sai ya tashi ya ba da wuri.

"Tana ciki," in ji Punitha. "Daidai lanƙwasar, inda hannun babba ba ya kaiwa sosai. Ta yi fitsari a jikinta, ta ƙi bari a taɓa ta. Kuma ba ta kuka. Da kuka take yi ma da ban damu haka ba."

"Me aka yi mata?"

Punitha ta yi ƙasa da murya.

"Tana gaya wa yara Bibik ɗinta ta je sayen magani. Sai wani yaro ya ce shi ma haka aka ce masa bara a nan otal ɗin, tasa ba ta dawo ba har yau."

Ta ƙara da cewa, "Duk hutun makaranta sai mun ga irin wannan, Puan. Da an gaya mana tun farko da mun san yadda za mu riƙe ta."

Haslinda ta cire takalmi ta durƙusa ta leƙa. Can ciki ta hango tafin ƙafafu biyu da gefen riga mai furanni.

"Damia. Mama ce. Fito mu je."

Ƙafafun ba su motsa ba.

"Fito ki ga balan-balan ɗin da zan saya miki. Mu hau dokin nan mai juyawa, ke ki hau fari ni in hau ja."

Ƙafafun suka ƙara shigewa ciki.

"Bibik nake so."

"Bibik ta yi nisa. Ga Mama."

"Bibik nake so."

"Na ce ga Mama!"

Wata mata da ta zo ɗaukar ɗanta ta tsaya kallo. Mai rigar damisa ma ya juyo da ƙaton kansa. Haslinda ta ji zafin nan na ranar Salla ya taso mata daga ciki har fuska. Ta cusa kafaɗa cikin bututun, ta kamo idon sawun yarinyar, ta ja.

Damia ba ta yi ihu ba. Ta ƙanƙame jikinta kamar itace, farcenta na karce robar.

"Sake ta."

"Mak, ki bar ni da 'yata."

"Na ce sake ta, Haslinda!"

Rabon da uwarta ta kira cikakken sunanta har ta manta. Ta saki.

Hajah Zaiton ta dubi Punitha. "'Yar nan, akwai inda za mu yi magana?"

Punitha ta buɗe musu ɗakin da yara ke barcin rana. Ƙananan katifu ne jere a ƙasa, fitila a rage, bango duk zanen taurari. Babu kujerar babba ko ɗaya, dole a tsaye suka fuskanci juna.

* * *

"Kin tuna kwanakin jegonki?"

"Me ya kawo wannan yanzu?"

"Kin tuna ko ba ki tuna ba?"

"Me zan tuna? Ina asibiti."

"Kina asibiti, jini ya ƙi tsayawa, an cusa miki robobi a hanci. Da aka sallamo ki kuma kika dawo gidana kamar ba ke ba. Ki zauna ki zuba wa bango ido tun safe. In aka miƙo miki jaririya ki ce a ɗauke, kina tsoron za ki yar da ita. Nononki ya ƙafe ƙaf."

"Na sani, Mak. Ba sai kin tuna min na gaza ba."

"Ba gorin gazawa nake miki ba, rufe baki ki ji. Duk madarar gwangwanin da aka ba yarinyar nan sai ta amayar. Jikinta ya feso da ƙuraje, kashinta har da jini. Likita ya rubuta wata ta musamman, ta ƙi kama kwalbar. Ta koma kamar ɗan tsakon da ruwa ya doka. Daga baya kukan ma ta daina. Kin san me ake nufi in jariri ya daina kuka?"

"Amma ai an samo wadda ta karɓa. Ke kika ce min."

"Ni na ce miki. Ba a samo ba."

Haslinda ta zuba mata ido.

"Sahnim ba ta daɗe da zuwa ba lokacin. Na zaga bayan kicin na same ta tana ɗaure ƙirjinta da zani, tana cije leɓe, gaban rigarta sharkaf. Ashe jariri ta baro a Lombok wajen uwarta, namiji. Ta ɓoye wa dillalan da suka kawo ta, don in sun sani ba za su ɗauke ta ba. Nono na zuba a banza a bayan gidana, jikata na mutuwa a falo. Ke da ke ce ni, me za ki yi?"

"A'a."

"Ban umarce ta ba. Roƙonta na yi. Ni Zaiton, da furfurata, na durƙusa wa yarinyar da ban san ko sunan ƙauyensu ba."

"A'a, Mak. A'a."

"Ta wanke hannu, ta yi bismillah, ta karɓe ta. Damia ta kama kamar dama ita take jira. Ranar na fara jin jikata ta yi gyatsa."

Haslinda ta dafa bango. Taurarin da aka zana suna ta yawo a idonta.

"Sau nawa?"

"Malamai sun ce sau biyar ya isa. Ita har yarinyar ta yi haƙora ta fara shan kunun shinkafa. Uwarta ce, Linda. Ba a bakina ba, a shari'a. Matar da kika sa a mota kamar buhun shara uwar 'yarki ce ta shayarwa."

"Abang ya sani?"

"Shi ya je ya tambayo ustaz."

Dariya ta ƙwace wa Haslinda, irin wadda ba ta da daɗin ji.

"Ya sani. Na ce masa ko ita ko ni, ya sunkuyar da kai, ya ɗauki makullin mota. Bai ce min uffan ba."

"Mijinki ba mugu ba ne. Tsoronki yake ji, tun ranar baranda."

"Wace baranda?"

"Ranar da na fito na same ki kin hau kujera a barandar bene, kina kallon ƙasa, kina cewa yarinyar za ta fi jin daɗi in babu ke. Ni da shi muka janyo ki. Likita ya ce kada a ɗora miki ko tsinke. Ta yaya zan ce miki wata ce ke ba 'yarki abin da kika kasa?"

"Da na warke fa? Shekara huɗu, Mak! Shekara huɗu ina kwana ina tambayar kaina me na rasa. Ina kallon 'yata tana shinshinar wuyan mai aiki kafin ta yi barci, ina cewa ko warin jikina ne ba ta so. Na canza turare, Mak! Na bar aiki da wuri, na koyi dafa abin da take so, na sayi littattafan tarbiyya. Kuna kallona, ku uku, kuna cin abinci da ni a faranti ɗaya!"

"Mun yi kuskure. Yau za mu faɗa, gobe za mu faɗa, har abin ya yi nauyin da ba ya ɗaukuwa. Ita ma Sahnim ta roƙe mu. Ta ce, 'Mak Haji, in Puan ta sani za ta kore ni.'"

Tsohuwar ta goge ido da gefen mayafi.

"Ga shi ba ki sani ba ma kin kore ta."

Rashin sani ya fi dare duhu, jama'a. Amma wani sanin ma in ya zo a makare ba haske yake kawowa ba. Haslinda ta tsaya tana numfashi sama-sama, fushi da kunya da kishi duk sun cakuɗe mata, ta rasa wanda za ta fara ji.

Can wani abu ya faɗo mata.

"Kin ce ta baro jariri. Na taɓa tambayarta, ta ce min ba ta da yara."

Hajah Zaiton ta sunkuyar da kai.

"Mak?"

"Ba ta da su."

"Ina yaron?"

"Kakarsa ba ta da abin ba shi sai ruwan shinkafa da madarar nan mai zaƙi ta shayi. Gudawa ta kama shi. Ƙauyen da nisa da asibiti."

"Ya Allah."

"Ina zaune kusa da ita aka bugo waya. Damia na ƙirjinta. Na ce ta tashi ta tafi, ni zan biya jirgi. Ta ce, 'Kafin in isa an binne shi, Mak Haji. In na tafi wannan ma za ta bi shi.' Ta share fuska da bayan hannu, ta juya Damia zuwa ɗaya nonon."

"Ba ni na ce ta baro ɗanta ba!" Haslinda ta faɗa da ƙarfi. "Ba ni na aike ta ba! Ban roƙe ta ba! Ban ma san ana yi ba!"

"Ba ke ba ce. Ba wanda ya ce ke ce."

"To don me kike kallona haka?"

"Don ɗazu ba ki sani ba. Yanzu kin sani. Wayarki na hannunki."

Haslinda ta dubi wayar kamar yau ta fara ganinta.

In ta kira, Sahnim ta dawo, Damia za ta sake bi ta ƙarƙashin hannunta da gudu, yau da gobe da jibi, kuma yanzu ba ta da bakin cewa komai. In ba ta kira ba, ita ta san abin da ta zama.

Ta danna lambar Rizuan.

Ta yi ta ruri har ta katse.

Ta sake dannawa. Ta sake katsewa.

"Yana cikin tasha," ta ce a hankali. "Hayaniya ce, ba zai ji ba."

"Ki ci gaba da kira."

Ta kira na uku. Babu amsa.

* * *

Da ta fito, an kwashe yaran zuwa cin abincin rana. Punitha kaɗai ta rage, zaune nesa kaɗan da tawul da wando mai tsabta a cinyarta. Ta ga fuskar Haslinda, ba ta tambayi komai ba.

Haslinda ta zauna a ƙasa a bakin bututun, ta jingina bayanta da shi. Ba ta leƙa ba. Ba ta ambaci balan-balan ba, ba ta ambaci doki ba. Ƙaryar ta ƙare mata, gaskiyar kuma ba ta san ta inda ake fara gaya wa 'yar shekara huɗu ba.

Hawaye kawai ke sauka, tana haɗiye sautin don kada yarinyar ta ji.

An daɗe a haka.

Sai ta ji motsi a bayanta. Gwiwa na jan roba, a hankali, a tsaya, a ci gaba.

Ba ta juya ba, tana tsoron in ta juya za a koma.

Damia ta fito. Gashinta ya manne da goshi don gumi, rigarta a jiƙe, idanunta a bushe. Ta tsaya ta dubi kakarta a bakin ƙofa, ta dubi Punitha. Sannan ta zagayo ta tsaya a gaban uwarta.

Ta sa hannu biyu ta kama hannun Haslinda na dama, ta riƙe gam.

Wallahi sai da numfashin Haslinda ya ɗauke. Ba wanda ya turo ta, ba wanda ya ce je ki wurin Mama. Ga kakarta a tsaye, amma ita ta zaɓa. Abin da take roƙon Allah a kowace sujada, ga shi a tafin hannunta, da ɗumi, da danshin gumi.

"Damia," ta ce. "'Yata."

"Mama."

"Na'am. Na'am, ga ni."

"Ban yi kuka ba."

"Na gani. Ke jaruma ce."

"Bibik ta ce kada in yi."

Haslinda ta ƙara matsowa kusa da ita.

"Yaushe ta ce miki?"

"Da tana yi min wanka. Ta ce in ta daɗe ba ta dawo ba, in zo in riƙe hannunki. Ta ce kada in yi kuka, kuka yana sa miki ciwon kai. Ta ce in ci duk abin da kika ba ni ko ba daɗi."

A bakin ƙofa Hajah Zaiton ta toshe baki da mayafi.

Ashe ta sani. Ta ga akwatinta a bayan mota, ko ta karanta a fuskokinsu, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. Ta sani, ta shiga motar da ƙafarta, ba ta ce wa kowa komai ba.

Wayar ta ɗauki ruri a hannun Haslinda na hagu.

Abang.

Ta kai kunne. Kafin ya yi magana ta jiyo ƙarar ƙahon jirgin ruwa, doguwa, mai kauri, daga bayansa.

"Linda," ya ce. "Linda, kin kira?"

Damia ta ƙara damƙe yatsun uwarta, ta ɗago kai ta dube ta cikin ido.

"Ga shi na riƙe, Mama. To ki ce ta dawo."